Ciwon sanyin da ya ƙi jin allura: nazarin lamarin wani majinyaci a Ingila, 2018

A watan Fabrairun 2018 wani mutum ya je asibitin kula da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa a Ingila, yana kukan abin da dubban maza ke zuwa da shi duk wata: fitsari na yi masa zafi, mugunya na fita ta gabansa. A al'ada irin wannan allura ɗaya ce da 'yan ƙwayoyi, a sallami mutum ya koma harkokinsa. Shi kuwa sai da aka shafe wajen wata biyu ana fama, aka yi masa zagaye uku na magani, kafin likitoci su yarda cewa ya rabu da cutar. Ba a taɓa bayyana sunansa ba, kuma hakan shi ne daidai.

Akwai abin da ya kamata a warware tun daga nan. A bakin mutanenmu "sanyi" buhu ne da ake zuba komai a cikinsa: ƙaiƙayin gaba, farin ruwan mata, ciwon mara, har da raunin namiji. A wannan rubutu abu ɗaya tak nake nufi, wato gonoriya, cutar da wata bakteriya mai suna Neisseria gonorrhoeae ke haddasawa. Sunayen magunguna kuma na bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali, don wanda ya taɓa ganinsu a kemis ya gane su.

Asalin matsalar: 1879 zuwa 2011

Wani likita Bajamushe, Albert Neisser, shi ya fara ganin ƙwayar a 1879 a birnin Breslau. A ƙarƙashin madubin likita bibbiyu take zama, kamar wake da aka tsaga biyu ɓangarorin na fuskantar juna, galibi a cikin fararen ƙwayoyin jinin da ke cikin mugunya. Ba ta da gida sai jikin ɗan Adam. A jikin namiji tana tona kanta da wuri. Mata da yawa kuwa ba sa jin komai har sai ta haura zuwa mahaifa da bututun ƙwai ta yi ɓarna, daga nan a shiga neman haihuwa ba a samu ba, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Jaririn da ya ɗauke ta wajen haihuwa yana iya rasa idanunsa.

Tarihin maganinta tarihi ne na asara ɗaya bayan ɗaya. Magungunan sulfa sun zo a shekarun 1930, cikin kimanin shekara goma suka daina aiki. Penisilin ya karɓi aikin daga 1943, ya daɗe yana yi, sai dai kullum ana ƙara yawan abin da ake bayarwa. A 1976 aka ga ƙwayoyin gonoriya da ke fitar da wani sinadari mai farfasa penisilin ɗin kansa, kuma daga wurare biyu suka ɓullo kusan lokaci guda: waɗanda aka gani a Amurka an danganta su da gabashin Asiya, waɗanda aka gani a Ingila kuma da Afirka ta Yamma. Har yau masana na kiran ɗaya daga cikin ƙullin gadon da ke ɗauke da wannan hali da sunan "Afirka". Tetracycline ya bi sahu a tsakiyar shekarun 1980. Ciprofloxacin, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke gama magana a da, Amurka ta cire shi daga ƙa'idar maganin gonoriya a 2007.

Abin da ya rage mai ƙarfi shi ne allurar ceftriaxone. A 2011 likitocin Birtaniya suka mayar da ƙa'idarsu zuwa ceftriaxone miligiram 500 haɗe da azithromycin giram 1. Dabarar ita ce ta mai doki da ya haɗa dabaibayi da turke: idan ɗaya ya tsinke, ɗayan na nan.

Masu bin sawu: 2009 zuwa 2017

A 2009 a birnin Kyoto na Japan, an ɗauki samfur daga maƙogwaron wata mata mai zaman kanta a gwajin da ake yi musu lokaci-lokaci. Ƙwayar da ta tsiro ta wuce duk abin da aka saba gani wajen jure ceftriaxone. Makoto Ohnishi na cibiyar cututtuka masu yaɗuwa ta Japan da Magnus Unemo na asibitin jami'ar Örebro a Suwidin, tare da abokan aikinsu, suka zauna a kanta, suka buga sakamakon a 2011. Sunan da aka ba ta shi ne H041. Sun nuna cewa sirrinta na cikin wata ƙwayar gado mai suna penA, kuma ba su tsaya ga zato ba: sun ɗauki wannan ƙwayar gadon suka sa wa gonoriya mai jin magani, ita ma ta daina ji.

Unemo masanin ƙananan halittu ne, shi ke jagorantar cibiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a Örebro don gonoriya da sauran cututtukan saduwa. Yana da ɗaruruwan maƙaloli, amma biyu daga cikin ayyukansa ne suka shafi majinyacinmu kai tsaye.

Na farko, a 2012 shi da Daniel Golparian da Ohnishi da wasu masana daga Ostireliya, ciki har da John Tapsall, suka buga wata maƙala a mujallar Antimicrobial Agents and Chemotherapy. Sun gwada wani magani mai suna ertapenem a kan tarin samfuran gonoriya, har da H041. Takenta ma da alamar tambaya ya ƙare, domin tambaya suke yi ko wannan magani zai iya zama mafita. Abin da suka gani shi ne, a kan gonoriyar yau da kullum ertapenem bai fi ceftriaxone da komai ba. A kan waɗanda suka gagari ceftriaxone kuwa, ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya tsayar da su. A faranti aka ga wannan, ba a jikin mutum ba, kuma sun faɗi haka a fili.

Na biyu, a 2016 cibiyar ta fitar da jerin nau'o'in gonoriya 14 na ma'auni, kowanne da harafinsa, an karanta gadonsa an san ainihin yadda yake amsa kowane magani. H041 ta shiga jerin da sunan WHO X. Amfanin su kamar na mudun da ake ajiyewa a kasuwa ne don a gwada mudun 'yan awo. Duk ɗakin gwajin da ya auna waɗannan ƙwayoyi ya samu lambar da aka sani, to awonsa na kan hanya, kuma lambar da ya bayar a Bankok za a iya ajiye ta kusa da ta Landan.

H041 ba ta yaɗu ba. Wasu makamantanta da aka gani a Faransa a 2010 da Ostireliya a 2013 su ma sun lafa. Amma a 2015 wata mai suna FC428 ta fito a Japan, ita kam ta yi tafiya, aka tsince ta a Kanada da Denmak da Ostireliya. A ɗaya gefen kuma, tun ƙarshen 2014 aka fara samun gonoriya mai tsananin bijire wa azithromycin a Leeds da ke arewacin Ingila. Kafin 2017 ta ƙare, akwai mai tsinka dabaibayi, akwai mai tumɓuke turke, kowace a nata wuri.

Fabrairu 2018: zuwan farko

Majinyacin ya ba da labarinsa yadda yake. Yana da mace ɗaya da yake tare da ita a Birtaniya, ya kuma sadu da wata mata a ƙasar Tailan lokacin da ya yi tafiya. Aka ɗauki samfur, aka yi masa allurar ceftriaxone giram 1 a tsoka, ninki biyu ke nan na abin da ƙa'idar lokacin ta tanada, aka haɗa masa da doxycycline miligiram 100 safe da yamma na kwana 7. Doxycycline dai an saba bayar da shi ne saboda kilamidiya, wata cutar saduwa da ke yawan rakiyar gonoriya.

Iri biyu ne gwajin da ake yi wa mai irin wannan kuka, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin labarin nan. Akwai na zamani wanda ke laluben DNA na ƙwayar a cikin fitsari ko samfur. Yana da sauri, ba ya cika kuskure, amma amsarsa "akwai" ko "babu" ce kawai. Sai kuma tsohon yayi, wato shuka ƙwayar a faranti a reno ta da ranta. Wannan ne kaɗai ke ba da damar a tambaye ta wane magani take ji. An yi wa majinyacin duka biyun.

Abin da farantin ya nuna

Gonoriya, duk da taurin kanta a jiki, raguwa ce a waje. Idan audugar da aka ɗauko ta da ita ta bushe ko ta yi sanyi, ta mutu. Abincinta wani kunu ne da ake haɗawa da jini a ɗumama har ya koma launin cakulan, a zuba a faranti ya daskare, a sa masa magungunan da za su hana sauran ƙwayoyi tsirowa su danne ta. Ana goga samfurin a kai, a sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 35 zuwa 37, cikin iska mai ɗan yawan kabon. Inda babu na'urar da ke ba da wannan iska, sai a jera farantan a cikin babbar kwalba, a kunna kyandir a ciki, a rufe murfi har ya mutu da kansa. Bayan kwana ɗaya ko biyu za a ga 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan toka suna sheƙi kamar raɓa a kan ganye.

Daga nan sai awo. Ana shafe sabon faranti da ƙwayar gaba ɗaya, a ɗora wani ɗan siririn tsinken roba da aka jiƙa da magani, ƙarfinsa na ƙaruwa daga ƙasa zuwa sama, da lambobi a jikinsa kamar na ma'aunin zafi. Washegari, inda maganin ya fi ƙarfinta za a ga fili fetal mai siffar ƙwai, babu tsiro. Inda bakin filin ya taɓa tsinken, nan ake karanta lamba. Ita ce mafi ƙarancin maganin da ke hana ƙwayar tsiro, wadda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira MIC. Ƙaramar lamba albishir ce.

Ga abin da aka karanta. Ceftriaxone: miligiram 0.5 a kowace lita, alhali iyakar da Turai ta gindaya ita ce 0.125, wato ninki huɗu. Azithromycin: sama da 256, alhali a lokacin duk abin da ya haura 0.5 an ɗauke shi bijirewa. A irin wannan gwaji "sama da 256" na nufin babu fili ko kaɗan, ƙwayar ta tsiro har jikin tsinken tun daga ƙasa har inda lambobin suka ƙare. Ciprofloxacin bai yi ba. Dangin tetracycline ba su yi ba, ke nan doxycycline ɗin da ya sha na mako guda bai taɓa ta ba. Spectinomycin ne ya nuna yana aiki. Aka tura samfurin babban ɗakin gwaji na hukumar lafiyar jama'a ta Ingila da ke Colindale a arewacin Landan, suka tabbatar da sakamakon.

Zagaye na biyu, da abin da aka samu a maƙogwaro

Aka kira mutumin ya dawo, aka yi masa allurar spectinomycin giram 2. Tsohon magani ne tun na shekarun 1960, wanda a ƙasashe da dama samunsa ma aiki ne. Zaɓin ya yi daidai da abin da faranti ya nuna, sai dai an daɗe da sanin rauninsa: yana share hanyar fitsari da kyau, amma a maƙogwaro yakan gaza sau da yawa.

Da ya dawo gwajin tabbatar da warkewa, ya zo ne a matsayin wanda ya ji sauƙi. Gwajin fitsari ya fito babu komai. Audugar da aka goga a maƙogwaronsa kuwa, da aka shuka ta, gonoriya ta tsiro da ranta. Bincike bai nuna cewa sabon kamu ya yi ba. Wadda ya zo da ita ce tun farko take zaune.

Maƙogwaro ya cancanci a tsaya a kansa. Gonoriya na isa can ta hanyar saduwa ta baki, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita a nan ba sa jin ko ɗan ƙaiƙayi, saboda haka ba sa neman magani, suna kuma iya ba wani. Magunguna da yawa ba sa taruwa a naman wurin da ƙarfin da suke taruwa a hanyar fitsari. Abu na uku ya fi waɗannan nauyi. A maƙogwaron kowane lafiyayyen mutum akwai 'yan uwan gonoriya na dangin Neisseria da ke zaune lafiya ba sa cutar da kowa. Duk maganin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa, na mura ne ko na haƙori ko na zazzaɓi, ya ratsa ta kansu, waɗanda suka tsira kuma sun tsira ne da dabarar jurewa. Ita kuma gonoriya tana da baiwar tsintar guntayen DNA daga maƙwabtanta ta ɗinka a nata. Idan ta sauka a maƙogwaro, ta sauka ne a tsakiyar dangi masu tsohon ilmi. Da irin wannan ɗinki ake samun penA mai faci-faci kamar bargon tsumma, wanda ke sauya siffar wurin da ceftriaxone ke kamawa har ya kasa riƙe shi da kyau. H041 ta Kyoto ma a maƙogwaro aka same ta. Haka wani mutum a Birtaniya da ya kamu a Japan a ƙarshen 2014, wanda Helen Fifer ta hukumar lafiyar jama'a ta Ingila da abokan aikinta suka ba da rahotonsa a 2016 a matsayin karo na farko da haɗin magani biyu ya gaza: a maƙogwaro tasa ta maƙale.

Maris zuwa Afrilu 2018: ertapenem

A wannan gaɓa littafin ƙa'ida ya ƙare. Duk abin da ke cikinsa ko dai faranti ya kore shi, ko an gwada ya gaza. Da aka auna ertapenem, lambar ta fito 0.032, ƙasa ƙwarai. Amma babu wata iyaka da aka amince da ita da za a ce daga nan zuwa nan gonoriya na jin ertapenem, kuma ba a taɓa yin babban gwajinsa a kan masu wannan cuta ba. Abin da ke hannu shi ne lambar farantin mutumin, da kuma sakamakon faranti irin wanda aka buga tun 2012.

Ertapenem ba ƙaramin magani ba ne. Yana cikin dangin carbapenem, waɗanda asibitoci ke ɓoyewa don masu cutar da ta shiga jini ko ta cikin ciki bayan sauran magunguna sun kasa. Aka yanke shawarar ba shi giram 1 ta jijiya, sau ɗaya a rana, kwana 3 a jere.

A ƙarshen Maris, tun magani bai nuna sakamako ba, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta sanar da lamarin. Gwenda Hughes, shugabar sashen cututtukan saduwa a hukumar, ta bayyana cewa wannan ne karo na farko da aka ga gonoriya mai irin wannan tsananin bijirewa ga magungunan biyu a haɗe, da ma mafi yawan sauran da aka saba amfani da su. Jaridu suka ɗauka da manyan kanu. A mako na uku na Afrilu hukumar ta dawo da labarin cewa gwajin ƙarshe ya fito babu komai, mutumin ya warke. Matar da yake tare da ita a Birtaniya an gwada ta ba ta ɗauka ba, kuma ba a samu wani da ya kamu ta dalilinsa a ƙasar ba.

A cikin wannan watan ne Ostireliya ta ba da sanarwar mutum biyu masu irin wannan ƙwaya, ɗaya a jihar Yammacin Ostireliya, ɗaya a Kwinslan. Ɗaya ya kamu ne a kudu maso gabashin Asiya. Ɗayan kuwa bai fita ƙasar ba. A farkon Mayu cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Turai ta fitar da gargaɗin gaggawa kan mutum ukun.

Yuli 2018: karanta gadon ƙwayar

Masana daga jami'ar Oxford ƙarƙashin David Eyre, da na hukumar lafiyar Ingila, da Unemo da Golparian daga Örebro, suka karanta DNA na ƙwayar daga farko har ƙarshe, suka buga a mujallar Eurosurveillance a watan Yuli. Abubuwa biyu suka fito.

Bijire wa ceftriaxone ya zo ne daga wani nau'in penA mai lamba 60.001, wanda shi ne dai na FC428 ta Japan. Bijire wa azithromycin kuma daga sauyin harafi ɗaya ne tak a ƙwayar gadon injin da bakteriya ke ƙera furotin da shi, daidai inda maganin ke maƙalewa. Gonoriya na da kwafi huɗu na wannan ƙwayar gado. Idan ɗaya ne ya sauya, maganin na iya yin aiki a kan sauran. A ta majinyacin duka huɗun sun sauya.

Babu ɗaya daga cikin dabarun biyu da yake sabo. Sabon abu shi ne haɗuwarsu a ƙwaya ɗaya, kuma ƙwayar da suka haɗu a jikinta 'yar gidan wani nau'i ce da ke yawo a tsakanin mutane da ma. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa ta Ingila da na Ostireliya 'yan uwa ne na kusa ƙwarai. An ajiye ƙwayar a firiza, aka shigar da ita cikin nau'o'in ma'auni da sunan WHO Q.

2019 zuwa 2022: abin da ya biyo baya

A Janairun 2019 ƙungiyar likitocin cututtukan saduwa ta Birtaniya ta sauya ƙa'ida: ceftriaxone giram 1 shi kaɗai, an ajiye azithromycin. Sabuwar ƙa'idar ta ce a goga maƙogwaron duk wanda ake zaton ya kamu a yankin Asiya da Fasifik, namiji ne ko mace, ko me ya faɗa game da irin saduwar da ya yi, kuma kowa ya dawo gwajin tabbatar da warkewa. Amurka ta bi da nata sauyin a Disambar 2020, ceftriaxone miligiram 500 shi kaɗai.

Tambayar da aka yi a 2012 ta samu amsa a jikin mutane bayan shekara goma. A 2022 masu bincike a Amsterdam suka buga sakamakon gwajin da suka kwatanta magunguna a kan masu gonoriya, inda allurar ertapenem giram 1 sau ɗaya ta yi kafaɗa da kafaɗa da ceftriaxone a cutar al'aura da dubura. A Afrilun wannan shekarar kuma wani mutum a Ostiriya ya dawo daga Kambodiya da gonoriya mai bijire wa magungunan biyu. Da aka karanta gadonta, aka ajiye kusa da WHO Q, dangantakar ta fito fili.

Yadda nake ganin lamarin

Magani uku sun gaza, kowanne da dalilinsa. Doxycycline bai da ta cewa tun farko. Ceftriaxone, ko da aka ninka shi, ya tarar da ƙofar da aka sauya wa makulli. Spectinomycin ƙwayar na jin sa, amma bai isa inda take ɓoye da ƙarfin da zai kashe ta ba. Wannan na ukun shi ya fi koyar da ni, domin yana nuna cewa lambar faranti kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa ta da sanin inda cutar take a jiki.

Ertapenem ne ya kashe ƙwayar, amma ban yarda a ba shi yabon shi kaɗai ba. Da an tsaya ga gwajin DNA a zuwan farko, da babu wanda zai san akwai matsala. Da an yarda da bakin mutumin cewa ya ji sauƙi, ko an tsaya ga fitsari, da ya koma gida da ita a maƙogwaro. Matakai huɗu ne suka cece shi, duka kuma marasa ƙyalli: an shuka, an auna, an kira shi ya dawo, an goga maƙogwaro.

A nan ne nake ganin ainihin tasirin mai bincike irin Unemo. A jami'o'i ana auna malami da yawan maƙaloli da yawan waɗanda suka ambace su, kuma ta wannan ma'auni ma yana sahun gaba a fagensa. Amma maƙalar 2012 a ranar da ta fito ba ta warkar da kowa ba, ba ta sauya ƙa'idar kowace ƙasa ba. Gwaji ne na magani mai tsada a kan matsalar da a lokacin mutane ƙalilan ne a duniya suka taɓa fuskanta. Shekara shida bayan haka, da likitoci suka tsaya gaban mutumin da littafinsu ya ƙare a kansa, ba daga duhu suka fara lalube ba. Haka nau'o'in ma'auni: aiki ne na haƙuri wanda ba ya shiga jarida, amma shi ya sa 0.5 ta Ingila da ta Ostireliya suka zama magana ɗaya. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ohnishi a Japan, Tapsall a Sidni wanda ya shafe shekaru yana gina sa ido kan gonoriya a yankin Fasifik, Fifer da Hughes a Landan, Eyre a Oxford, kowa ya kawo nasa tubalin.

Sai dai abin da ya yi wa mutum ɗaya aiki ba zai yi wa duniya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamu miliyan 82 a 2020 tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Ba za a iya sa wa ko kashi ɗaya cikin ɗari na waɗannan ruwan jijiya na kwana uku ba, kuma watsa carbapenem a kan gonoriya zai ɓata shi ga masu jinyar da ransu ya rataya a kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne namu gefen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa bayanan bijirewar gonoriya daga Afirka ƙalilan ne, alhali nahiyar na cikin inda cutar ta fi yawa. A mafi yawan asibitocinmu da alamu ake ba da magani, ba tare da shuka ba, kuma wannan tsari ne da aka amince da shi saboda ƙarancin kayan aiki. Da yawa ma ba sa kai wa ga asibiti, kunya na tsayar da su a kemis ko wajen mai maganin gargajiya. A ɗauka wani ɗan kasuwa ya dawo Kano ko Maraɗi daga Bankok da irin wannan ƙwaya. Za a yi masa allura, wataƙila mugunyar ta tsaya, ya yi godiya ya tafi gida wurin iyalinsa. Babu faranti, babu lamba, babu mai ce masa ya dawo, babu mai duba maƙogwaronsa. Kayan da suka fara tona asirin ta Ingila kuwa ba su fi ƙarfin manyan asibitocin koyarwa namu ba: farantin cakulan, akwatin ɗumi mai wutar da ba ta yankewa, kwalba da kyandir, tsinken awo, da ma'aikacin da aka horar aka kuma ba shi nau'o'in ma'auni ya gwada awonsa da su.